Wasan Ces ga Mai Koyo: Dalilin da Ya Sa Shawarwarin Gwanaye Ke Cin Karo da Juna

A watan Afrilun 2024, Tunde Onakoya, ɗan Najeriyar da ya kafa ƙungiyar Chess in Slums Africa don koyar da yaran unguwannin talakawa a Legas, ya zauna a dandalin Times Square na birnin New York ya shafe awa 60 yana buga wasan ces. Da shekara ta zagayo ya koma wurin tare da abokin karawarsa Shawn Martinez, suka kai awa 64. Labarin ya bazu a kafafen sada zumunta, ya ja hankalin matasa zuwa wasan da a da ake yi wa kallon na 'yan boko zalla. A Sakkwato ma ba abin mamaki ba ne yanzu ka tarar da ɗalibi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ko matashi a majalisar unguwa a Mabera ko Runjin Sambo, ya duƙufa kan waya yana karawa da wanda bai taɓa gani ba.

Koyon yadda kowane ɗa yake tafiya ba ya wuce zama ɗaya ko biyu. Ruɗanin daga baya yake zuwa. An ce wa mai koyo ya ɓoye sarkinsa, sai ya ga gwani ya fito da nasa tsakiyar allo yana yawo. An ce masa dakare ne mafi arha, sai ya ji dakare ɗaya ya raba gardama a gasar kambun duniya. An hana shi fito da sarauniya da wuri, alhali da ita aka kayar da shi cikin tafiya huɗu. Duk maganganun nan gaskiya ne, sai dai kowace da lokacinta. Wasan yana da matakai uku, buɗewa da tsakiya da ƙarshe, kuma aikin sarki da na dakare da na sarauniya yana sauyawa daga mataki zuwa mataki.

Allo da 'ya'yansa

Allon ces gidaje 64 ne. Layukan tsaye ana kiransu da haruffa daga a zuwa h, sahun kwance kuma da lambobi daga 1 zuwa 8, ana fara ƙirge daga ɓangaren Fari. Ta haka kowane gida ya samu suna, kamar e4 ko f7. Kowane ɓangare yana da 'ya'ya 16: sarki, sarauniya, hasumiya biyu masu tafiya a miƙe, giwa biyu masu tafiya a karkace, doki biyu masu tsalle, da dakaru takwas. Giwa ita ce wadda Turawa ke kira bishof.

'Yan wasa sun saba yi wa 'ya'yan farashi: dakare 1, doki 3, giwa 3, hasumiya 5, sarauniya 9. Ba maki ne da ake tarawa ba, ma'aunin ciniki ne kawai, don mutum ya san ko ya ci riba in ya ba da doki ya karɓi hasumiya. Sarki ba shi da farashi. Idan aka kai masa hari, wato cek, dole a amsa nan take: ko ya kauce, ko a tare hanyar, ko a cinye mai harin. In babu ɗaya cikin ukun, cekmet ke nan, wasa ya ƙare ko da wanda aka kama ya fi yawan 'ya'ya.

Wanda ya taso yana kallon dattawa suna dara a gindin bishiya ya riga ya san rabin darasin farko. A darar gargajiya sai an gama jera 'ya'ya a gidaje ake fara turi, kuma wanda ya yi mugun jeri ya sha kaye tun kafin a tura ɗa ko ɗaya. Buɗe wasan ces jeri ne shi ma. Wanda ya fito daga dirafti kuwa akwai ɗabi'ar da sai ya yar: a can ci dole ne, a ces ba dole ba ne, kuma sau da yawa abin da aka bar maka a buɗe tarko ne.

Inda ƙa'idojin suka samo asali

Wasan ya faro ne a Indiya wajen ƙarni na 6, ya ratsa Farisa, Larabawa suka karɓe shi da sunan shaɗaranji. A Bagadaza ta zamanin Abbasiyawa an yi gwanaye irin su al-Adli da as-Suli, waɗanda suka yi rubuce-rubuce a kansa, daga nan ya isa Turai, musamman ta Andalus. A shekarun 1930 an rubuta bayanin wani nau'insa da ake bugawa a Borno, don haka ba baƙo ba ne sosai a wannan yanki.

Shaɗaranjin Larabawa wasa ne mai nawa. Ɗan da ya zama sarauniya a yau gida ɗaya tak yake takawa a karkace, giwa kuma tsallen gida biyu take yi. Mutum na iya ɓata tafiya goma yana jeri ba abin da ya same shi. A ƙarshen ƙarni na 15, a ƙasar Sifen, aka ba sarauniya da giwa damar ratsa allo daga gefe zuwa gefe. Daga ranar nan sarkin da ya zauna a tsakiya ya shiga haɗari, kuma tafiya ɗaya da aka yi asara a farko tana iya zama sanadin kaye. Kusan duk abin da ake koya wa mai koyo game da buɗe wasa ya samo tushe daga wannan sauyi.

Buɗe wasa: wa ya riga shiryawa?

Fari yana da zaɓi 20 a tafiyar farko, Baƙi ma 20, wato yanayi 400 tun kowa bai wuce tafiya ɗaya ba. Haddace duka ba mai yiwuwa ba ne, shi ya sa ake komawa ga ƙa'ida.

Ta farko ita ce neman tsakiya, gidaje huɗun nan d4, e4, d5 da e5. Dalilin lissafi ne. Doki a tsakiya yana kai hari gida takwas, a gefen allo huɗu ko uku, a kusurwa biyu kacal. Giwa a tsakiya tana ganin gida 13, a kusurwa 7. Hasumiya ce kaɗai ba ruwanta, gida 14 take gani ko'ina aka ajiye ta in allo a buɗe yake, don haka ita buɗaɗɗen layi take buƙata, ba tsakiya ba.

Ta biyu ita ce fito da doki da giwa da wuri, kuma kada a yi ta juya ɗa ɗaya alhali 'yan'uwansa na zaune a gida. Tsohuwar buɗewar da ake dangantawa da Italiya ta nuna yadda abin yake. Fari ya tura dakare e4, Baƙi ya amsa da e5. Fari ya fito da doki f3, yana barazana ga dakaren e5. Baƙi ya fito da nasa dokin c6, ya kare shi. Fari ya kai giwa c4. Kowace tafiya a nan aiki biyu ta yi: ta fito da ɗa, ta kuma yi hari ko kariya.

Giwar c4 tana kallon f7, kuma ya kamata mai koyo ya riƙe sunan gidan nan. A farkon wasa dakaren f7, da takwaransa na f2 a ɓangaren Fari, sarki kaɗai ke kare shi. Nan ne ake yi wa sababbi kamun tafiya huɗu: e4 da e5, giwa c4 da doki c6, sai Fari ya kai sarauniya h5. Idan Baƙi ya fito da doki f6 yana ganin ya kori sarauniya, sai ta cinye f7. Sarki ba zai iya cin ta ba don giwa na tsaye a bayanta, kuma ba shi da wurin gudu. Maganin mai sauƙi ne: Baƙi ya tura dakare g6 ya tare hanya. In sarauniya ta koma f3 tana sake neman f7, sai yanzu doki ya fito f6. Fari ya motsa sarauniya sau biyu bai samu komai ba, Baƙi kuma ya fito da dawakai biyu. Wannan shi ne dalilin hana fito da ita da wuri: duk ɗan da ya taɓa ta sai ta gudu, kuma kowane gudu kyautar tafiya ce ga abokin karawa.

Amma a lura da wani abu, domin a nan ne haddar da ba fahimta take kayar da mutum. Idan Fari ya kai sarauniya h5 tun a tafiya ta biyu, kafin Baƙi ya fito da doki c6, to g6 ɗin nan da ta yi ceto ɗazu ta zama masifa. Sarauniya za ta cinye e5 da cek, a lokaci guda tana kallon hasumiyar h8 ta hanyar da g6 ta buɗe. Tafiya iri ɗaya ce, bambancin kawai ko dakaren e5 yana da mai kare shi.

Ƙa'ida ta uku ita ce shigar da sarki ganuwa, abin da 'yan wasa ke cewa kasul. Sarki ya taka gida biyu wajen hasumiya, ita kuma ta tsallake shi ta tsaya a gefensa. Sharaɗin shi ne dukansu ba su taɓa motsawa ba, babu kowa a tsakaninsu, sarki ba ya cikin cek, kuma ba zai ratsa ko ya sauka a gidan da ake kai wa hari ba. Da tafiya ɗaya sarki ya samu mafaka, hasumiya kuma ta fito daga kusurwa.

Gwanaye ba su haɗu a kan yadda ake riƙe tsakiya ba. Makarantar Siegbert Tarrasch ta Jamus ta tafi a kan a mamaye ta da dakaru tun farko. A shekarun 1920 Aron Nimzowitsch da Richard Réti suka nuna ana iya barin abokin karawa ya cika tsakiya da dakarunsa, sannan a yi ta harbinsu daga nesa da giwaye da dawakai. Duka hanyoyin ana buga su a manyan gasa har yau. Ga mai koyo dai ta farko ta fi sauƙi, domin kuskurenta a fili yake, ana ganinsa nan take. Ta biyun sai wanda ya san lokacin da ya dace ya mai da martani, in ya makara kuwa dakarun da ya ƙyale su matse shi.

Tsakiyar wasa: me tafiyarsa ta ƙarshe take nufi?

Da zarar 'ya'ya sun fito, sarakuna sun shiga ganuwa, ƙa'idojin jeri sun gama aikinsu. Nan ne mai koyo yake tsayawa yana kallon allo bai san abin yi ba, nan ne kuma akasarin wasannin sababbi suke lalacewa. Ba wani zurfin tsari ke kayar da su ba. Ɗa ne ake bari ba mai kariya, a ɗauke shi kyauta.

Saboda haka ɗabi'ar da ta fi kowace amfani ita ce, kafin mutum ya yi tunanin abin da yake so, ya fara tambayar abin da abokin karawa yake so da tafiyar da ya yi yanzu. Bayan nan ya duba ko akwai cek, ko abin ci, ko barazana, a ɓangarensa da ɓangaren wancan. In ya zaɓi tafiya, kafin hannu ya kai, ya duba gidan da zai sauka ko lafiya, ya kuma duba abin da ɗan yake karewa a inda yake tsaye, don in ya tashi kariyar ta tashi da shi. Wannan na ƙarshen shi aka fi mantawa.

Idan rikici ya taru a kan gida ɗaya, ƙirge ake yi. Masu hari nawa, masu kariya nawa? In masu kariya sun kai yawan masu hari, a bari. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, amma da sharaɗi: a duba wa zai fara shiga. A ce sarauniya da hasumiya suna kallon dakaren da dakare ɗaya ke karewa. Biyu ne a kan ɗaya, amma in sarauniya ce a gaba, ta ci dakare, a ci ta, hasumiya ta rama. An ba da 9 an karɓi 2. Mai arha ake turawa gaba.

Tarkunan da ake yawan faɗawa ba su da yawa, kuma suna maimaita kansu. Akwai harin baki biyu, inda ɗa ɗaya ya kai wa biyu hari lokaci guda. Doki ne gwaninsa, domin ba a tare shi: in farin doki ya sauka c7 alhali sarkin Baƙi na e8, ya yi cek kuma yana kallon hasumiyar a8, sarki ya kauce, hasumiya ta tafi. Akwai ɗauri, inda ɗa ba zai iya motsi ba saboda wanda ya fi shi daraja yana bayansa. Giwa a g5 tana iya ɗaure dokin f6 in sarauniya na bayansa a d8 ba kowa a tsakani. Ɗaurarren ɗa kariyarsa ta baka ce, kada a lissafa shi cikin masu gadi. Sai kamun sahun baya, wanda yake nuna yadda ganuwa ke zama kurkuku: sarki a g1, dakarunsa uku a f2, g2 da h2 ba su motsa ba, hasumiyoyinsa sun tafi yaƙi, sai hasumiyar abokin gaba ta sauko sahu na 1. Dakarun da suka kare shi a farko su ne suka toshe masa hanya. Tura dakare ɗaya zuwa h3 a lokacin da ba gaggawa yana buɗe masa taga.

In babu tarko a allo, sai tsari. Hanya mafi sauƙi ta samun tsari ita ce mutum ya nemo ɗansa da ya fi kowa zaman banza ya samar masa aiki: hasumiya ta koma layin da babu dakare, dokin da ke gefe ya dawo tsakiya, giwar da dakarunta suka rufe a buɗe mata hanya. Game da dakaru kuwa a yi hattara, su kaɗai ne ba sa komawa baya. Duk wanda aka tura ya bar gidajen da yake tsaro har abada, shi ya sa tura dakarun gaban sarki barkatai ke jawo nadama. Tun a 1749 gwanin Faransa Philidor ya kira dakaru ruhin wasan.

Musanya ma tana da ƙa'ida. Wanda ke gaba, ko da da doki ɗaya ne, musanyar manyan 'ya'ya ta fi masa, domin rarar doki a cikin taro ba ta cika bayyana ba, amma in allo ya yi fili ita ce komai. Wanda ke baya kuma ya guji musanya, ya nemi rikita wasa. Kuma ba duk dakaren da aka gani a buɗe ake aika sarauniya ta ɗauko ba. Da yawa sun tafi cin b2 ko b7 ba su dawo ba. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Ƙarshen wasa: sarki ya fito

Idan sarauniyoyi sun tafi, 'ya'ya sun ragu, dokar ɓoye sarki ta faɗi, domin babu sauran rundunar da za ta kama shi. Yanzu shi ma mayaƙi ne, kuma wanda ya riga kai sarkinsa tsakiya yakan riga cin dakaru. Dakare shi ma darajarsa ta tashi, saboda duk wanda ya isa sahun ƙarshe ana naɗa shi sarauniya, ko hasumiya ko giwa ko doki in an ga dama. Dakaren da babu dakaren abokin gaba a gabansa ko a layukan da ke maƙwabtaka da shi, shi ne abin sa wa ido. Tarrasch ya ba da shawarar a ajiye hasumiya a bayan irin wannan dakare, naka ne ko na abokin karawa.

Akwai lissafi mai sauƙi na sanin ko sarki zai cim ma dakaren da ya tsere. A ce farin dakare yana b4. A zana murabba'i a zuci daga b4 zuwa b8, zuwa f8, zuwa f4. In sarkin Baƙi yana ciki, ko tafiyarsa ce kuma zai iya shiga, zai kama shi. In yana g4 kuma Fari ne da tafiya, ya makara.

Misalin da ya fi nuna yadda ƙarshen wasa ba ya yafiya shi ne na sarki da dakare a kan sarki. A ajiye sarkin Baƙi a e8. In farin sarki yana e6, dakarensa na bayansa a e5, Fari ya ci wasa ko wa ke da tafiya. A sauya musu wuri, dakare a e6, sarki a e5, sai wasan ya zama canjaras in Baƙi ya san abin da yake yi. Fari ya je d6, Baƙi ya fuskance shi a d8. Dakare ya shiga e7 da cek, Baƙi ya koma e8. Yanzu Fari ko ya bar dakaren a cinye, ko ya je e6 ya kare shi, kuma in ya yi haka Baƙi ba shi da tafiya ko ɗaya alhali ba ya cikin cek. A doka wannan kunnen doki ne. Darasin shi ne sarki ke wucewa gaba ya share hanya, dakare ya biyo baya, akasin abin da hannun mai koyo ke son yi.

Irin wannan canjaras na rashin tafiya yana cin masu rinjaye sosai. Sarkin Baƙi shi kaɗai a h8, Fari ya kai sarauniya f7 yana murna, sai ya ga an rubuta kunnen doki. Duk gidajen da ke kewaye da sarkin an rufe su, shi kuma ba a taɓa shi ba. Sauran hanyoyin canjaras su ne yanayi ɗaya ya maimaitu sau uku, ko kowane ɓangare ya yi tafiya 50 ba a ci komai ba kuma ba a motsa dakare ba, ko 'ya'yan da suka rage ba za su isa kamu ba. Sarki da giwa ɗaya, ko sarki da doki ɗaya, ba sa kama sarki. Dawakai biyu ma ba sa iya tilasta shi. Sarki da sarauniya suna gamawa cikin tafiya 10 ko ƙasa in an buga daidai, sarki da hasumiya cikin 16. Waɗannan biyun wajibi ne mai koyo ya iya su, in ba haka ba rinjayen da ya tara ba shi da amfani.

Kada a ɗauka wannan matsalar sababbi ce kawai. A ranar 12 ga Disamban 2024 a Singafo, a wasa na 14 kuma na ƙarshe na gasar kambun duniya, Ding Liren na Sin yana baya da dakare ɗaya a yanayin da masana ke ganin canjaras ne. A tafiya ta 55 ya miƙa hasumiyarsa don musanya, aka musanya hasumiyoyi, aka musanya giwaye, aka bar sarakuna da dakaru a yanayin da ba shi da mafita. Gukesh Dommaraju na Indiya ya zama zakaran duniya yana da shekara 18.

Ta ina za a fara koyo?

A nan ma ra'ayi ya kasu. José Raúl Capablanca na Kuba, zakaran duniya daga 1921 zuwa 1927, yana cikin masu cewa a fara da ƙarshen wasa, domin da 'ya'ya kaɗan ne ake gane ainihin ƙarfin kowane ɗa, kuma wanda ya san inda za shi ya fi sanin musanyar da zai karɓa. Wasu masu horarwa suna ganin sabo ba ya ma kaiwa ƙarshen wasa da 'ya'ya daidai, don haka ya fara da warware tarkuna kullum har idonsa ya saba. Ɓangare na uku su ne masu fifita buɗewa, kuma su ne suka fi yawa a bidiyoyin intanet, wataƙila saboda alkawarin kamu cikin tafiya kaɗan ya fi jan masu kallo. Hujjarsu ita ce wanda ya fito daga buɗewa lafiya ya fi samun ƙwarin gwiwa.

In aka auna, ɓangarori biyun farko ba sa rushe juna, kuma sun fi kusa da inda sababbi ke faɗuwa. Hadda tana aiki ne muddin abokin karawa yana bin littafi, sabon ɗan wasa kuwa ba ya bi, tun a tafiya ta uku yake kaucewa. Buɗewa ɗaya da Fari, amsa ɗaya ga e4, ɗaya ga d4, tare da sanin dalilin kowace tafiya, sun ishi mutum dogon lokaci.

Maganar malamai

A gari irin Sakkwato iyaye za su yi tambayar hukunci, kuma tambayar tana da tushe. A Muwaɗɗa an ruwaito Imamu Malik yana cewa babu alheri a shaɗaranji, kuma ya ƙi shi. Risalar Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, wadda ake karantawa a zaurukanmu, ta ce bai halatta a yi wasa da shi ba. Abin da ya shahara a mazhabar Shafi'iyya shi ne makaruhi ne, bai kai haramun ba, wasu malaman zamani kuma, irin su Yusuf al-Ƙaradawi, sun halatta shi da sharuɗɗa. Inda ba a yi saɓani a kan haramcinsa ba shi ne in caca ta shiga, ko ya sa aka jinkirta salla har lokacinta ya fita, ko ya jawo zagi da gaba. Mai neman fatawa ga halin da yake ciki, malaminsa zai tuntuɓa.

Daga waya zuwa allo

Yawancin masu koyo a yau ta waya suke farawa, a Lichess da ke kyauta ko a Chess.com, kuma hakan ya sauƙaƙa samun abokin karawa da injin da zai nuna wa mutum kuskurensa bayan wasa. Illar ita ce wasan gaggawa. A ma'aunin FIDE, hukumar ces ta duniya da aka kafa a Faris a 1924, wasan da kowa ke da minti 10 ko ƙasa shi ne na walƙiya, mai sauri kuma ya haura 10 bai kai 60 ba. Wanda ke buga na minti uku ba shi da lokacin tambayar abin da abokin karawa yake nufi, don haka kuskure ɗaya yake ta maimaitawa da sauri. Wasan minti 15, sannan a koma a nemo tafiyar da ta ɓata shi, ya fi wasan walƙiya goma koyarwa. Ga kuma matsalar sabis: in intanet ya yanke, agogo bai tsaya ba.

Ɗalibin da ke son wakiltar makarantarsa a gasar jami'o'i ta NUGA, ko jiharsa a bikin wasanni na ƙasa, inda ces ke cikin wasannin da ake fafatawa, zai tarar da dokokin da waya ba ta koya masa ba. A kan allo, ɗan da ka taɓa da niyya shi za ka motsa in yana da halattacciyar tafiya, in na abokin karawa ne kuma sai ka ci shi in yana ciwuwa. Ba layin da zai haska maka inda doki zai sauka, ba abin da zai hana ka yin tafiyar da doka ta hana, sai dai alƙali ya hukunta ka. A wasa mai dogon lokaci dole ka rubuta kowace tafiya, taka da ta abokin karawa, da sunayen gidajen nan irin su e4 da f7. Hannun da ya motsa ɗa shi ne zai danna agogo. Wayar da aka koyi wasan da ita kuwa ba a zama da ita a jiki a zauren gasa: in aka same ta, dokar FIDE ta ba da damar a ba abokin karawa wasan, sai fa in masu shirya gasar sun sanya hukunci mai sauƙi tun farko.